Takardar gwajin zuciyar Baba

Yaya, gaisuwa mai yawa daga Mancesta. Na ga hoton takardar ECG ɗin Baba, wato gwajin bugun zuciya, da kika turo, na kuma ji Inna ta kasa cin abinci tunda aka ce mata na'ura ta rubuta zuciyarsa ba daidai take ba. Don Allah ku kwantar mata da hankali. Rubutun da ke saman takardar nan ba hukuncin likita ba ne, ƙiyasin kwamfutar cikin na'urar ne, ita kuwa abu kaɗan take gani ta yi kururuwa.

Na'urar da muke aiki da ita a nan irin ta Birnin Kebbi ce: wayoyi 10 ake manna wa mutum, 6 a ƙirji, 4 a hannuwa da ƙafafu. Bambancin yana wajen karatu. A nan likita ne ke fara dubawa, ya ɗora sabon gwaji kusa da tsohon da ke ajiye a kwamfuta, sannan a yi wa mutum bayani. Ba a biyan ko sisi a asibitin gwamnati, sai dai in ba gaggawa ba ce za ka sha jira. A gida kuwa ka biya yau a yi maka yau, wannan kam na yaba mana.

Abu biyu na gani. Bugunsa 56 a minti ɗaya, alhali ana lissafa 60 zuwa 100 a matsayin daidai. Ga wanda ya saba aikin fadama, kuma yana shan atenolol mai rage saurin bugu, wannan bai tayar min da hankali ba.

Na biyun ne nake so a bi. Layukan sun yi tsayi, na'urar ta ɗauka bangon zuciyarsa na hagu ya yi kauri. Siraran mutane, musamman mu baƙar fata, layukanmu kan yi haka ba tare da wani ciwo ba. Amma Baba ya daɗe da hawan jini, hawan jini kuwa yana kaurara bangon da gaske. Hoton zuciya na eko ne zai raba gardama, zan turo kuɗinsa.

Kada ya daina magani sai likita ya ce. In ya ji ciwon ƙirji, ko haki, ko jiri har ya kusa suma, a kai shi asibiti nan take, ko da dare ne. Takardar kuma a yi mata fotokwafi, don zafin Argungu kan kashe rubutun irinta, likita kuma zai nemi kwatantawa nan gaba.