Tausar kare da katifar rimi: abin da kuɗina ya saya a Zariya

Akwai wani matashi a Samaru da ke bi gida-gida yana yi wa karnuka tausa, yayarsa kuma tana ɗinkin kayan ɗaki a Tudun Wada. Na yi hulɗa da su biyun tun shigowar hunturun da ya wuce. Tunda mutane sun ishe ni da tambaya, wasu da gaske wasu don tsokana, bari in faɗi abin da idona ya gani. Tausar tana da amfani, amma ba ita kaɗai ta tayar da karena ba, kuma ba aikin da za a yi ta biya har abada ba ne. Kayan ɗinkin kuwa, wani ya fi kuɗinsa, wani ya ɓata wa uwargida rai.

Sunan karen Duna. Ruwa biyu ne, ubansa irin na Jamus ɗin nan da ake kira Alseshan, uwarsa 'yar gida. Shi ke gadin gidana a Hanwa da ɗakin kajin da ke baya, kuma ya doshi shekara goma, wanda a wurin babban kare tsufa ne sosai. Da sanyi ya kama sai tashi ya fara gagararsa. Zai kafa ƙafafun gaba, ya yi ta yunƙuri kafin na baya su biyo. In zai yi gudu sai ya haɗa ƙafafun baya biyu ya riƙa tsalle da su tare. Cinyoyinsa suka zube, kafaɗunsa suka ƙara kauri, don a kansu ya mayar da nauyinsa.

Wani abokina mai kiwon kaji a hanyar Shika ya ba ni lambar yaron mai tausar. Abin da ya fara saye ni shi ne ƙin zuwan da ya yi. Ina gama yi masa bayani ya ce, "Baba, likita ya duba shi?" Na ce a'a. Ya ce, "To don Allah a fara kai shi, a nuna mini takarda, har da katin allurar haukan kare. In ciwon kaska ne ko tsagewar ƙashi ko wani ƙari, hannuna ɓarna zai ƙara." A wannan zamani, mutum ya ga kuɗi a tafin hannunka ya ce ka fara kai wa wani, ai ka san ya san abin da yake yi.

Na kai Duna asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. Aka auna zafin jikinsa, yana daidai, wato tsakanin digiri 38 da 39, don jikin kare ya fi na mutum ɗumi. Aka ɗebi jini saboda cututtukan da kaska ke sawa, waɗanda su ma kan kawo kasala da ɗingishi. Hoton ƙashi ne ya fasa ƙwai: kan ƙashin cinyarsa bai zauna daram cikin gurbinsa na ƙugu ba, shekara da shekaru yana goga, har amosanin gaɓɓai ya kama wurin. Abu ne da karnukan Jamus ke gada. Likitan ba ta ɓoye mini ba, ta ce ba warkewa zai yi ba, lallaɓawa za a yi. Ta rubuta maganin rage zafi mai suna meloxicam na ɗan lokaci, ta ce a rage masa ƙiba, a ɗauke shi daga kwanan siminti, tausa kuma in an samu wanda ya iya babu laifi.

A nan zan ɗan ratse, don abin na da muhimmanci. Wani maƙwabcina ya ba ni shawara in murƙushe diclofenac a cikin tuwo in ba shi, wai haka ya yi wa nasa. Likitan ta ce kul. Diclofenac da ibuprofen suna huda cikin kare su lalata masa ƙoda, farasitamol kuma in ya yi yawa hanta yake ci. Maganin da muke haɗiya da ruwan shayi ba tare da tunani ba yana iya kashe kare.

Zuwan yaron na farko ya kusa sa in ce a mayar mini da kuɗina. Ya shigo, ya gaishe ni, ya nemi wuri ya zauna a ƙasa nesa da karen, ya ba shi gefe, yana ta hira da ni kan tsadar dusa. Duna ya yi gurnani ya gaji, ya taso ya shinshina takalminsa da gwiwarsa, ya koma ya kwanta. Sai a ƙarshe ya sa masa takunkumin yadi, ya ɗan shafa wuyansa da kafaɗa, ya ce yau ya isa. Daga baya na gane dalili. Kare mai gadi da ke jin ciwo, baƙo ya kai hannu ƙugunsa kai tsaye, cizo zai sha, kuma daga ranar ba zai ƙara yarda ba.

Aikin sosai kan ɗauki kamar rabin sa'a. Yakan jiƙa tawul da ruwan ɗumi, ya matse, ya gwada a bayan hannunsa, ya ɗora kan ƙugun na 'yan mintuna. Sannan ya buɗe tafin hannu ya riƙa shafawa a hankali daga wuya zuwa gindin wutsiya, yana bin kwanciyar gashi, hannu ɗaya ba ya ɗagawa sai ɗayan ya sauka. Ba ya danna ƙashin baya, gefe da gefensa yake bi. In ya zo cinya sai ya kama naman tsakanin babban yatsa da sauran, ya ɗan ɗaga, ya murza, ya saki. Gaɓar da ke ciwon ita kanta ba ya matsa ta. Abin da ya ba ni mamaki, ya fi daɗewa a kafaɗu da wuya, inda ni ban taɓa zaton akwai matsala ba. Ya kama hannuna ya ɗora a bayan kafaɗar, na ji wani curi mai tauri a cikin tsokar. Ya ce, "Baba, nan ne ke ɗauke da aikin ƙafar baya." A ƙarshe yakan tallabe ƙafar da hannu biyu, ya lanƙwasa, ya miƙar, iya inda ta yarda kawai.

Idonsa kullum na kan fuskar karen. Duna na lasar leɓe, ko ya yi hamma ba ta barci ba, ko ya waiwayo ya kalli hannun, sai ya sassauta ko ya bar wurin. Ba ya shafa man zafi ko kaɗan, ya ce kare zai lashe, kuma ƙarfin ƙamshin yana damun hancinsa. Wanda ya saba da masu ɗori na gargajiya, da ake ja ana murɗawa majiyyaci na salati, zai ga kamar wasa ake yi. Tausar nan ba ɗori ba ce, ba ta mayar da ƙashi gurbinsa. Tsokar da ta ɗaure take sassautawa, jini ya gudana, dabba ta samu sauƙin motsi.

Ya samu sauƙi? Ya samu. Ranar da aka yi tausa da kashegarinta yakan tashi ba dogon yunƙuri, ya zagaya bayan ɗakin kaji da kansa. Amma in aka kwana biyu ba a yi ba, taurin kan fara dawowa. Kuma ba zan ba tausa ladar da ba tata ba, domin a lokaci guda aka fara magani, aka daina tula masa ƙanzo da ragowar tuwo da kitsen kaji, har haƙarƙarinsa suka fara jiyuwa a hannu, aka kuma canza masa makwanci. In aka ce in zaɓi biyu cikin huɗun nan, rage ƙiba da makwanci zan ɗauka.

Inda nake da ƙorafi shi ne kuɗi da lokaci. Zuwa ɗaya, da kuɗin mashin ɗinsa daga Samaru, ya kusa cefanen gidana na yini. Kuma in ya ce bayan la'asar, ka sa ran dab da magariba, lokacin da kare ya fara tsayuwar gadi hankalinsa na ƙofa. Da na yi masa magana kan kuɗin bai yi gardama ba, ya zaunar da ɗana na biyu ya koya masa shafa da murza cinya, ya hana shi lanƙwasa ƙafa. Yanzu yaron gida ke yi da yamma, shi kuma ya leƙo jefi-jefi. Shawarata ga mai tsohon kare ke nan: ka biya ka koya.

Masu cewa mutane ba su samu tausa ba sai kare, na ji su, kuma maganarsu ba ta rasa gaskiya. Amma dabbar da ta kwana a waje shekaru tana tsare maka dukiya tana da haƙƙi a kanka in ƙarfinta ya ƙare. Addini ya yarda da ajiye kare don gadin dabbobi da gona da farauta, a mazhabarmu ta Malikiyya kuma jikin kare mai rai ba najasa ba ne, duk da ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Kowa kuma ya san hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Duna ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar wurin sallah, yaron da ya taɓa shi yana wanke hannu da sabulu. Iyakarta ke nan.

Makwancin ne ya haɗa mu da yayar mai tausar. Uwargida ce ta je, ta dawo da katifar kare da kuma kayan da ban aike ta ba. Katifar audugar rimi ce, abin da mu Zazzagawa bai kamata a yi mana bayaninsa ba, garin da har unguwanni ke amsa sunan rimi, su Rimin Tsiwa da Rimin Doko. Na so a yi ta soso, matar ta aiko cewa, "A gaya wa Alhaji soso na shan fitsari da wari, kuma kare na yaga shi." Audugar gona kuma tana shan laima ta dunƙule. Ta rimi ba ta saurin jiƙa, ba ta da nauyi, tana riƙe ɗumi. Matar ta yi wa katifar riga biyu. Ta ciki yadi ne mai kauri, an tsaga ta gida-gida da ɗinki don kada audugar ta gudu gefe ɗaya. Ta waje luru ne saƙar hannu, fari da ratsin baƙi, bakinsa da igiyoyin ɗauri maimakon zif, ta ce zif shi kare ke fara ci. Na juya ta na duba kusurwoyin, kowace an ninka an bi ta sau biyu, an ƙulle zaren da hannu. Duna na tona ta da farce kafin ya kwanta, har yau ba inda ya ɓarke. Kantar da siminti ya yi masa a gwiwar hannu ma ta fara laushi.

Aibinta biyu. Rimi na kwantawa, bayan 'yan makonni tsakiyar ta lotsa, sai an shanya a rana an bubbuga, kuma nan gaba sai an ƙara auduga. Na biyun ya fi haɗari: audugar rimi na kama wuta nan take. Mai gadin da ke hura gawayi da sanyi, ko mai kunna maganin sauro na naɗi, ya nisanta su da ita. Wannan ya kamata ta riƙa faɗa wa masu saye, ba ta faɗa ba.

Rigunan matashin kujera su ne abin alfaharinta, kuma sun cancanta. Farin saƙi ne, a tsakiya an yi dagi da ɗinkin hannu, irin hannun da Zariya ta yi suna da shi a manyan riguna masu aska biyu da aska takwas. Ka juya bayan aikin ka gan shi tsaf kusan kamar gaban, ba tarin zare a cukurkuɗe irin na keke. Zanen gadon da ta harhaɗa da ragowar atamfa shi ma ya yi kyau a ido, sai dai ƙyallayen ba ƙarfinsu ɗaya ba, wasu sun fara koɗewa tun wankin farko. Ban ɗora mata laifin duka ba. Tun da masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL ma ta rufe a 2007, yawancin atamfar da ke kasuwar Sabon Gari daga waje take zuwa, mai kyau da marar kyau a haɗe, tela kuwa abin da ya rage a ƙarƙashin almakashi yake tarawa.

Abin da ya jawo rigima shi ne shimfiɗar tebur mai rinin shuɗi. Rinin baba na gaskiya ma yakan zuba a wankin farko, kowa ya sani, amma ba a gargaɗe mu ba, yarinya ta jiƙa ta tare da rigunan matashi biyu, suka fito da dabbare-dabbare. Uwargida ta kira ta a waya, na ji tana cewa, "Haba Anti, ai da kin ce a ware ta." Matar ta ba da haƙuri, ta ce a dawo da su za ta rine su shuɗi gaba ɗaya ba ko kwabo. An rine, sun yi kyau a hakan, amma dagin da aka saye su dominsa ya nutse cikin launin, sai ka matso za ka gan shi.

Wanda zai saya a wurinta ya tambayi wane ne ke zuba kafin ya biya, ya kuma ba da aiki da wuri, don ita da 'yan mata biyu ne kawai, kuma da azumi ya matso ɗinkin sallah ke cinye su. Na ba da a yi wa katifar Duna rigar waje ta biyu saboda damina, a riƙa canzawa in an wanke ɗaya. An ce mini mako biyu, ga shi wata na neman cika ba ta iso ba.