Duba marasa lafiya kyauta a wata majami'a a Tumfure

Wata ikilisiya a Tumfure, cikin Gombe, takan buɗe harabarta ranar Asabar don duba marasa lafiya kyauta. Ba a tambayar kowa addininsa a bakin ƙofa. 'Yan Zumuntar Mata ne ke raba lamba, su zaunar da tsofaffi a rumfa, su miƙa musu ruwa da "Sannu, Baba."

Teburin zazzaɓin cizon sauro ya fi burge mu. Ba a ba da magani sai an soki yatsa, an jira minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito. Babba yana samun maganin Coartem ƙwaya 24: huɗu nan take, huɗu bayan awa 8, sannan huɗu-huɗu safe da yamma na kwana 2. Ma'aikaciyar jinya tana nanata a sha da madara ko abinci mai maiƙo, don jiki ya karɓa sosai. Madalla da ita.

Awon hawan jini kuwa da sauran gyara. Mutum ya taso cikin rana yana haki, sai a ɗaura masa abin awo nan da nan, lamba na iya haura 140/90, iyakar da ake ɗauka hawan jini ne. Kamata ya yi ya huta minti 5, hannu bisa tebur daidai ƙirji. Maɗaurin ma guda ne, ga mai kaurin dantse yana ƙara lamba.

Abin da ya fi damun mu shi ne maganin mako biyu da ake bayarwa ba tare da takardar tura mutum asibiti ba, alhali hawan jini ba ya warkewa a mako biyu.