Saƙo daga Tokiyo: maratayin kyamarar da ba zai ci maka wuya ba

Ƙanina, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Saƙonka ya iso, har da hoton dokin wuyanka da ka ce in duba irin shaidar da maratayin kyamara ya bar maka. Sai da na yi dariya kafin tausayi ya zo, domin irin wannan jan layin na yi shekara biyu ina yawo da shi a nan. Ka ce in nemo maka mai laushi, mai soso da yawa. To, ranar Asabar na shiga unguwar Shinjuku musamman saboda kai, na yini ina ratayawa ina saukewa, kuma mai soson nan ba shi zan aiko maka ba. Ka yi haƙuri ka ji dalili.

Mu fara da abin da kake ɗauka. Babbar kyamara irin Nikon D850, da batir da kati a cikinta, gram 1,005 ce. Canon 5D Mark IV gram 890. Dogon gilashi mai zuƙowa na 70-200 da ake sa musu, mai buɗewa 2.8, wato mai shigar da haske da yawa, ya kai kilo ɗaya da rabi shi kaɗai. Ka ɗora fitila a sama, ka doshi kilo uku. Kilo uku a hannu na minti biyar wasa ne, amma kai awa takwas kake yi da shi a dokin wuya. Wuyan nan kuwa dama da kayansa, don kan mutum kusan kilo biyar ne. Kyamara tana rataye a gaba tana jan kai ƙasa, tsokar baya tana ta kokawar mayar da shi, tun safe har yamma. Ciwon da ke tashi daga ƙeya ya sauka tsakanin allunan kafaɗa daga nan yake. Soso zai hana gefen maratayi yankar fata, wannan gaskiya ne, amma nauyin yana nan inda yake. Sai ka ɗauke shi daga wuya gaba ɗaya.

Yodobashi Camera na fara shiga, wanda ke kusa da ƙofar yamma ta tashar jirgin ƙasa. Kanti ne da ya watsu a gine-gine da dama, kowanne da irin kayansa, ga waƙar talla da ba ta tsayawa, wadda sai da ta bi ni har kan matashi da dare. Abin da ya fi burge ni a kantunan kyamara na nan shi ne samfuri a buɗe yake. Ga na sayarwa a cikin leda, ga ɗaya an ciro an rataye, kowa ya taɓa. Na tambayi wani ma'aikaci, da ɗan Japanancina mai ɗingishi, ko zan iya gwadawa da kyamarata. Bai nuna gajiya ba. Ya shimfiɗa ƙyalle a kan tebur, ya ɗora kyamarar, ya kwance tsohon maratayin, ya ɗaura sabo, ya miƙo mini da hannu biyu. Na yi zagaye tsakanin kantoci, na sunkuya kamar zan ɗaure takalmi, na ɗaga kamar zan ɗauki hoto. Sau huɗu muka yi haka, bai taɓa ce mini "za ka saya ne?" ba.

Wannan haƙurin yana da ɗan'uwa da ya kamata ka sani. A nan idan ka buɗe kaya ka yi amfani da shi, kuma ba shi da aibi, da wuya kanti ya karɓa don kawai ranka ya sauya. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya mayar da kaya ba tare da ya faɗi dalili ba, shi ya sa abokaina na can suke odar uku su mayar da biyu. Mutumin Japan gwajinsa a kanti yake yi, ya gama shawara kafin ya ciro kuɗi. Ni dai na fi son haka, don maratayi ba a gane shi a hoto.

Na farko da na gwada shi ne irin wanda kake so, na kamfanin Op/Tech da ke jihar Montana a Amurka. Da roba mai laushi ake yin sa, irin ta rigar masu nutso a teku. Minti goma na farko sai ka rantse an rage wa kyamarar rabin nauyinta, saboda robar tana miƙewa tana shanye girgiza. Amma miƙewar nan ita ce kuma matsalarsa idan kaya ya yi nauyi, domin kana tafiya kyamara tana tsalle a cikinka. Sannan roba ba ta numfashi. Na taɓa amfani da irinsa a watan Agustan Tokiyo, lokacin da iska take kamar tururin wanka, kafin azahar wuyan rigata ya jiƙe sharkaf. Ga wanda ke aiki a ɗaki mai sanyi da matsakaiciyar kyamara, ba laifi.

Na ga kuma na alharini, na kamfanin Artisan & Artist na nan Japan, saƙar igiya da suke kira kumihimo, wadda a da ake ɗaure sulken mayaƙa da ita. Kyau kam ba a magana, har sai da na shafa shi sau biyu. Amma igiya ce zagayayya, ta ƙananan kyamarori irin Fujifilm X100V mai gram 478. Ka rataya kilo uku a kanta, ta zama wuƙa. Na fata ma na wuce shi, yana ɗaukar watanni kafin ya yi laushi, kuma ruwa da gumi ba abokansa ba ne.

Inda na daɗe shi ne wajen masu gicciye ƙirji, waɗanda ke hawa kafaɗar hagu su sauko ƙugun dama. Da zarar ka sa irin wannan, wuya ya huta, nauyi ya bazu a kafaɗa da gadon baya, kyamara kuma ta koma gefe, ba ta bugun ciki. Iri biyu ne manya.

Akwai na BlackRapid, kamfanin Amurka. Shi a gindin kyamara ake ɗaura shi, a ramin notin nan da ake ɗora ta kan ƙafa uku, wato abin nan mai ƙafafu uku da ake kafa kyamara a kai. Ramin girmansa ɗaya ne a kusan kowace kyamara, rubu'in inci, don haka babu zancen bai shiga ba. Kyamarar tana rataye kai ƙasa a ƙugu, mariƙinta daidai tafin hannunka. Idan ka ɗaga, ƙugiyar ce ke zamewa sama a kan maratayin, matashin kafaɗar yana zaune inda yake. Akwai wata 'yar igiya da ke bi ta hammata don kada matashin ya zame. Ban ga wanda ya kai shi sauri ba. Sai dai rayuwar kyamararka duka ta rataya a kan noti guda, kuma noti yana kwancewa a hankali da juyi. Na san wannan da kuɗina. Shekarar da na zo, na sayi wani kwaikwayo marar suna ta intanet, ban riƙa duba shi ba. Ina sauka daga matakalar wata tasha sai na ji kafaɗata ta yi sakayau. Allah ya taimake ni kyamarar ta faɗa kan jakar da ke hannuna, murfin gilashi kawai ya fashe. Tun ranar, duk lokacin da zan fita sai na sa yatsa na murɗa notin. Idan kuma gilashin ya fi kyamara nauyi, a 'yar ƙafar da ke ƙarƙashin dogon gilashin ake ɗaurawa, don kada nauyinsa ya riƙa jan bakin kyamara. Ɗaya damuwar, duk sanda za ka ɗora kyamarar kan ƙafa uku sai ka kwance shi.

Sai na Peak Design, na birnin San Faransisko, mai suna Slide. Kamar bel ɗin mota yake, faɗinsa milimita 45. Yana da ƙanne biyu, mai milimita 32 da mai 19, na ƙananan kyamarori irin Sony A7 III mai gram 650. Fuska ɗaya santsi ce, tana zamewa a kan riga idan ka gicciya shi, ɗaya fuskar tana da roba mai kamawa idan ka saƙala shi a kafaɗa ɗaya. Da yatsa guda ake tsawaita shi ko a gajarta, abin da na ga amfaninsa a nan, inda tsawon da ya dace da shat a watan Yuli ba zai hau kan rigar sanyi a Janairu ba. Kai kuma amfaninsa gare ka shi ne cikin cunkoso ka ja kyamarar ta manne a jikinka. Ana haɗa shi da kyamara ta wasu 'yan maɓallai masu igiya, kamfanin ya ce kowanne yana ɗaukar kilo 90, kuma idan igiyar ta fara ci wani launi yana bayyana daga ciki, alamar a sauya. Abin da na fi so, wuri biyu yake kamawa. Na sa ɗaya a kunnen hagu na kyamara, ɗaya a gindi, sai gilashin ya dubi ƙasa ya kwanta a cinya, bai tsaya yana bugun ƙofa da mutane ba. Laushinsa bai kai na roba ba, kuma ƙarafan gyara tsawonsa suna iya gogar jikin kyamara a cikin jaka. Duk da haka, shi na zaɓar maka.

Kafin in fito, ma'aikacin nan ya kalli yadda na ɗaura tsohon maratayina, jelarsa tana reto waje, ya nemi izini ya gyara. Ya zura bakin ta kunnen kyamara, ya wuce da shi ta ɗan zoben roba, ya sassauta maɗaurin, sannan ya shigar da bakin ta ciki, ramin nesa da farko, ya dawo ta na kusa. Da ya ja, jelar ta ɓace tsakanin ninki biyu, kuma duk yadda nauyi ya ja sai ƙara kamawa take. Suna ce masa Nikon-maki, wato ɗaurin Nikon, wasu kuma ɗaurin 'yan jarida. Mutumin ya san wannan nawa ne, ba na saye ba, amma sai da ya kwance ya sake yi a hankali don in koya. Na ɗauki bidiyon hannunsa da izininsa, zan tura maka.

Na leƙa Map Camera ma, nan kusa, da Fujiya Camera a unguwar Nakano, masu sayar da na hannu. Kyamara da gilashi na hannu a nan abin saye ne, ana rubuta darajar kowanne a jikinsa, har ƙaramin ƙarce sai an nuna maka. Maratayi kam sabo na ce, tunda ba ka san irin rana da gumin da zarensa ya sha ba.

Kafin kayan su iso, ka tsawaita wanda kake da shi iyakar tsawonsa, ka zura kai da hannun dama, ka mayar da kyamarar gefe. Idan bai kai ba, ka riƙa tallafe gilashin da hannun hagu in kana tsaye. Sannan ka gaya mini abu biyu: ko kana yawan ɗora kyamara kan ƙafa uku, da kuma ko da kyamara biyu kake fita yanzu. In biyu ne, akwai mai kama da shimi da ke hawa kafaɗu biyu, kyamara ɗaya a kowane ƙugu, sai in koma in gwada shi ranar Asabar mai zuwa kafin in rufe kwalin. Ka gaishe mini da su Inna.