Zanzibar ta hannun ejan: inda ya yi mana rana da inda ya gaza

Shekarata goma sha ɗaya ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, amma iyakata da teku shi ne in hango shi ta tagar mota idan cunkoso ya riƙe mu a kan gada. Uwargida ce ta dage sai mun je wani wuri mun huta, ta zaɓi Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya saboda ta ji an ce garin Musulmi ne, ba za mu sha wahalar abinci da masallaci ba. Wani ejan na tafiye-tafiye a Ikeja na ba aikin gaba ɗaya: biza, tikiti, masauki na kwana shida da motar ɗauka. Da na shiga ofishinsa cewa ya yi, "Alhaji, kai dai ka kawo fasfo, sauran ka bar mana."

Ta fuskar takardu, gaskiya ya cika alkawari. Tanzaniya ba ta ba ɗan Najeriya biza a filin jirgi, sai an nema tun daga gida ta intanet an jira amincewarsu, tamu ta ɗauki kusan sati uku. Shi ya gaya mana cewa tun Oktoban 2024 duk baƙon da zai shiga tsibirin sai ya biya inshora ta dala 44, ko da yana da wata a hannu. Shi kuma ya tura mu muka yi katin rigakafin shawara, wanda aka duba kafin a buga mana hatimi. Har leda ya ce mu fitar daga jaka, don ƙasar ta haramta ta tun 2019. Mutumin Legas ba leda, ai sai a hankali. Ta Addis Ababa muka bi, muka sauka a filin jirgin Abeid Amani Karume da hantsi.

Masaukin ne bai yi ba. Ya ajiye mu a Paje, gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, sama da awa ɗaya daga cikin gari. Hoton da ya nuna mana ruwa ne shuɗi har gindin ɗaki. Washegari uwargida ta ɗaga labule ta tsaya shiru, can ta ce, "Alhaji, ina tekun da muka biya?" Ruwan ya janye can nesa, sai farin yashi da mata sun durƙusa suna ɗaure ciyawar teku a jikin igiyoyi, wadda noma ce a wurinsu, busarwa suke yi su sayar. Ashe haka gabar gabas take, ruwa ya tafi ya dawo sau biyu a yini. Mai son shiga ruwa a kowane lokaci arewa ake kai shi, Nungwi ko Kendwa. Ejan da ya san aikinsa ya kamata ya tambaye mu me muke so. Ga kiɗan Turawa masu wasan iska a kan ruwa har tsakar dare. An rubuta mana "da abinci", muka tarar karin kumallo kaɗai ake nufi, ranar fita kuma aka miƙo mana takardar harajin kwana da ba wanda ya ambata.

Kuskure ɗaya nawa ne. Direba ya rubuto cewa zai zo "saa mbili asubuhi". Na tambayi mai kawo shayi, ya ɗaga yatsu biyu, na ce to ƙarfe biyu na rana, muka kwanta abinmu. Ƙarfe takwas na safe sai ga ƙwanƙwasa ƙofa. Waswahili daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'a, bakwai na safe ita ce ɗaya a wurinsu, takwas ita ce biyu. Ga shi kuma agogonsu ya riga namu da awa biyu.

Ranar da aka kai mu tsohon gari, wanda ake kira Stone Town, nan na ji kuɗina sun fara dawowa. Lunguna ne ƙanana kamar ka shiga kasuwar Kurmi, mota ba ta wucewa, ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, dattawa da farar riga da hula suna zaune a dakali da ƙananan kofunan gahawa. Kiran salla ta ko'ina. Na yi azahar a wani ƙaramin masallaci, da limamin ya ji daga Najeriya nake sai ya riƙe hannuna yana murna. Kunnena ya dinga tsintar kalmomi: sabuni, kalamu, habari, Alhamisi. Uwargida da hijabinta ba wanda ya kalle ta sau biyu, Turawa ne ma ake roƙo su rufe jiki a cikin gari. Da magariba muka zauna a Forodhani, bakin ruwa, inda masu gashi ke jera tebura. Ka yi ciniki kafin a ɗora maka kifi a wuta, kuma ka riƙe shilin ɗin Tanzaniya a aljihu. Ruwan rake da citta da lemun tsami na sha kofi uku.

A gonar kayan ƙamshi na ga kanumfari a kan bishiya, ɗanye, jaja-jaja, wannan dai da muke zubawa a zoɓo. Yaron da ke zagayawa da mu ya ɓare ɓawon wata bishiya ya miƙo min, na shinshina, ashe kirfa ce. Masoro kuwa yaɗo yake yi a jikin wasu itatuwa. Ni da na ƙare rayuwata a kasuwar kayan miya, sai na koma ɗalibi.

Mun je a Agusta, ba ruwan sama, iska mai daɗi. Daga Maris zuwa Mayu ne damina mai ƙarfi. Caja ta gida ta shiga bangonsu ba gardama. Idan Allah Ya sake kai mu, biza da tikiti kawai zan ba ejan ɗin, masauki ni zan nema da kaina, kwana huɗu a tsohon gari, biyu a Nungwi. Na gaya masa haka da na dawo, ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai ba ka ce kana son teku mai zama wuri ɗaya ba."