Tsohon Diagon Alley ko sabuwar Ma'aikatar Sihiri: wanne za a kai yaran?

Hajiya, kin ce za ku je Orlando ta jihar Florida a Amurka hutun ƙarshen zango, kwana ɗaya kacal kuka ware wa wuraren wasan Universal, kuma babbar 'yarki ta cinye littattafan Harry Potter guda bakwai har tana gyara wa mutane kuskure. Tambayarki ita ce: a sayi tikitin sabon wurin da ake ta yayatawa, ko a je tsohon? Na shiga dukansu, kuma na daɗe ina sauraron musun da masoya labarin ke yi a kai, don haka ga abin da na gani.

Sai an fara raba su tukuna, domin mutane na cakuɗa su. Sashe uku ne a wurare uku. Hogsmeade, inda ginin makarantar su Harry yake, an buɗe shi a watan Yunin 2010 a cikin Islands of Adventure. Diagon Alley ya biyo baya ranar 8 ga Yulin 2014 a Universal Studios, maƙwabcinsa. Sabon kuma, Ministry of Magic, wato Ma'aikatar Sihiri, yana cikin Epic Universe da aka buɗe ranar 22 ga Mayun 2025, can gefe guda, sai an hau mota, kuma tikitinsa daban. Biyun farko jirgin ƙasa ne ya haɗa su, amma ba a hawansa sai da tikitin shiga wurare biyu a rana ɗaya. Jirgin nan ba ya zuwa sabon wurin. Da yawa ba su san haka ba sai sun isa.

Abin da ya sa har gobe ake yabon Diagon Alley shi ne yadda aka ɓoye shi. Daga waje ba abin da za ki gani sai jerin gine-ginen Landan da tashar King's Cross da doguwar bas ɗin nan mai hawa uku. Babu allon da ke cewa ga hanya. Sai kin ratsa ta wani lungu tsakanin bangayen jan bulo, kawai ki tsinci kanki a titi mai cike da shaguna, gine-ginen duk sun karkace kamar za su rungumi juna. Haka Harry ya fara ganinsa a littafi na farko, shi ya sa masu karatun ke rikicewa a nan. Na ga wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba ta tsaya cak a bakin lungun, hannu a baki, babanta na jan ta tana nuna masa sunayen shaguna ɗaya bayan ɗaya, tana faɗa masa abin da ake sayarwa a ciki tun kafin su shiga. A ƙarshen titin ga bankin Gringotts, dodo kwance a kan rufinsa. Bayan 'yan mintoci sai ya yi gurnani, kowa ya ɗaga waya, ya feso wuta. Zafin har fuskarki za ki ji shi.

Sabon wurin fa? Wajen girma da kyan gini ya fi, wannan ba musu. Dogayen benaye ne irin na birnin Faris na shekarun 1920, tituna masu faɗi, gidajen shan shayi, da tantin 'yan wasa inda ake nuna Le Cirque Arcanus. Amma a nan masoya suka rabu biyu. Faris ɗin nan ba daga littattafan bakwai ta fito ba. Daga fina-finan Fantastic Beasts aka ɗauko ta, musamman na biyu da ya fita a 2018, kuma fina-finan ba su samu karɓuwa yadda aka so ba: biyar aka yi alkawari, uku aka yi, tun 2022 shiru. Saboda haka mai karatu zai yi ta yawo a titi mai kyau, yana neman abin da ya sani bai samu ba. Wasu suna cewa ai wannan ne daɗin, sabon abu ne, ba maimaici ba. Wasu kuma suna cewa sunan wurin Ma'aikata, amma rabinsa da ɗoriya Faransa ce. Ni dai ina tare da na biyun, kodayake ban ƙi zama a can in sha iska ba.

Abin da ya fito daga littafin a sabon wurin yana cikin layi. I, layin jiran hawa lilon. Za ki shiga kamar mai sauka tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ki bi ta cikin wani murhu mai koren hayaƙi, ki fito a Landan ta shekarun 1990, cikin katafaren zauren Ma'aikatar, bango duk koren tayil mai sheƙi, tagogin ofisoshi sun hau sama har wuya ya gaji. Wanda ya karanta littafi na biyar, inda aka gurfanar da Harry a ginin nan, ba ya buƙatar bayani. A nan ko masu ƙorafin Faris bakinsu mutuwa yake yi. Lilon kansa lif ne mai tafiya sama da ƙasa da gefe, labarin kuma shari'ar Dolores Umbridge, muguwar jami'ar Ma'aikatar, ce bayan an gama yaƙi, abin da ba a rubuta a cikin littattafan bakwai ba. Imelda Staunton, wadda ta fito a matsayinta a fim, ita ta sake fitowa. Mutane da dama sun sa shi a sahun gaba cikin duk abin da kamfanin ya taɓa ginawa.

Matsalar ita ce lilo ɗaya ne tak a duk sashen. A makonnin farko an yi ta kukan layi na sa'o'i da yawan tsayawar na'ura, kuma idan ya tsaya babu na biyu da za a koma wa a wannan sashe. Amma kada a manta, ranar da aka buɗe lilon Gringotts a 2014 layinsa ya haura sa'a bakwai, na babur ɗin Hagrid kuma a 2019 an kai kusan sa'a goma. Sabon abu haka yake. Bambancin, a tsohon ɓangaren yanzu kina da zaɓi: Gringotts, jirgin ƙasa, lilon cikin makaranta, da babur ɗin Hagrid wanda ni a wurina har yau ba a yi kamarsa ba.

Ki auna ƙananan kafin ku tafi. Sabon lilon yana karɓar yaro mai tsawon santimita 102, Gringotts 107, na makaranta da na Hagrid kuwa 122. Kuka a bakin ƙofa ba daɗi.

Sai zafi. Florida a watan Yuli da Agusta rana ce mai ɗanɗaƙo, ga gumi, da la'asar kuma hadari ya taso. Ƙarancin inuwa na daga cikin abin da aka fi kuka da shi a Epic Universe gaba ɗaya. Diagon Alley matsattse ne, akwai kasuwa mai rufi, akwai kuma lungun Knockturn mai duhu da sanyi inda iyaye ke fakewa. Butterbeer da za su dame ki a kai, duk da sunansa babu giya a ciki, zaƙi ne kawai da kumfa, kofi ɗaya ya ishi yara biyu. Amma ana sayar da barasa ta gaske a wasu shagunan, sai a duba kafin a nuna da yatsa.

Tunda kwana ɗaya ne kuma 'yarki makaranciya ce da ba ta taɓa zuwa ba, ki sayi tikitin wurare biyu na tsohon ɓangaren. Ku fara da Diagon Alley da sassafe, ku hau jirgi daga King's Cross zuwa Hogsmeade. Idan kun zo dandamalin tara da uku bisa huɗu, ki bar ta ta yi gaba, ke ki tsaya baya kaɗan da wayarki: akwai gilashin da aka saita, daga inda kike za ki ga kamar ta shige cikin bango. Epic Universe ku bar shi sai in an samu kwana na biyu, ko kuwa in ƙannenta masoyan wasan bidiyo na Mario ne, domin nasu sashen yana can.