Gargaɗi ga 'yan uwa da ke Amurka: mai sayar da kayan bindiga ya cinye mini dala 505

Assalamu alaikum. Dala 505. Da kuɗin zan fara, don wanda zai ce "ai ba su da yawa" ya wuce tun daga nan. Dala 420 a karon farko, 85 a karo na biyu, duk ta Zelle, hanyar tura kuɗi daga banki zuwa banki, duk zuwa ga mutum ɗaya da ke cikin wani zauren WhatsApp na 'yan Afirka mazauna Teksas. Yana jin Hausa, yana sallama, yana kirana "Yaya". Har yanzu yana yawo da wata lambar, shi ya sa nake wannan rubutu hannuna na rawa don takaici.

Kada kowa ya zo mini da wa'azin bindiga. Tawa halastacciya ce, a shago mai lasisi na saye ta a Dalas, na cike fam 4473 na gwamnati da mai sayen bindiga ke cikewa, aka binciki sunana kamar kowa. Maverick 88 ce mai cin harsashi lamba 12, irin wadda a gida muke cewa fam-akshin, kamfanin Mossberg ke haɗa ta a Eagle Pass, nan cikin Teksas. Ina aikin dare, iyali na gida. Abin da nake nema uku ne kawai: tocilar da ake haɗawa da bindiga, igiyar rataya, da ɗan maƙalin harsashi da ake sawa a gefe. Tocilar ce babba a wurina. Ina da saurayin ɗa mai shigowa gida a makare, kuma duk wanda ya ɗaga bindiga cikin duhu bai ga fuskar wanda ke gabansa ba, to musiba yake nema wa gidansa.

To ga inda ya kama ni. Na rubuta a zauren cewa ina neman TL-Racker ta kamfanin Streamlight, wadda tocilar ke cikin mariƙin gaba da ake ja, mai haske lumen 1,000. Sai ya biyo ni ta gefe da saƙon murya. Ya ce: "Yaya, wace bindiga ce? In Maverick ce kada ka sayi komai tukuna. Mariƙinta haɗe yake da sandunan da ke jan harsashi, ba ya kwancewa kamar na Mossberg 500. Sai ka canza bututun da mariƙin ke zama a kai da sandunan gaba ɗaya kafin wannan tocila ta zauna."

Kuma wallahi gaskiya ya faɗa. Na duba, haka abin yake. Ku gaya mini, mutumin da ya hana ka sayen abu don kada ka yi asara, ta yaya za ka zarge shi? Wane ɓarawo ne ke cewa "kada ka saya tukuna"? Na saurari saƙon nan har na haddace shi. Akwai kukan yaro a bayansa, ya ma ce "ka yi haƙuri Yaya, ƙaramar ce ba ta jin daɗi". Na yi masa addu'ar Allah ya ba ta lafiya. Ni na yi wa ɗiyar ɓarawo addu'a, in ma akwai ɗiyar.

Ya ce ai in zan kashe kuɗi gara in haura zuwa tocilar kamfanin SureFire, yana da guda ɗaya da bai taɓa harbi da ita ba, ya sayar da bindigarsa ne zai koma gida. Ita da igiyar Magpul mai maɗauri biyu da maƙalin harsashi shida, duka dala 420. Na san farashin sabuwar SureFire a shago, wannan bai yi arahar da za ta tayar da hankali ba. Da ya ce dala 100 da na gane. Ya san inda zai ajiye farashin.

Na ce mu haɗu hannu da hannu. Ya ce yana tuƙin babbar mota, yana hanyar Oklahoma, amma matarsa za ta kai gidan waya. Na ce PayPal. Ya ce an rufe masa asusu, sai Zelle. Af, kafin nan ma ya turo hoton kayan a kan darduma, da takarda an rubuta sunana da biro a gefe. Sunana! Wannan hoton na nan, zan sa shi. Wanda ke cewa ban yi bincike ba ya zo ya kalli hoton.

Dala 85 ɗin kuwa na bututun ne. A'a, tsaya, lambar bin kaya ce ta fara zuwa, sannan maganar bututun. Ya turo lambar, na duba na ga kaya na tafiya, hankalina ya kwanta, sai ya ce ya samo mini bututun Mossberg 500 wurin abokinsa, in turo 85 a haɗa. Har tambayata ya yi ko mai inci bakwai da uku bisa huɗu nake so ko mai inci shida da uku bisa huɗu, don tsawonsu biyu ne kuma dole ya dace da mariƙin. Wannan ma gaskiya ne. Na tura. 420 da 85.

Sai shafin gidan waya ya nuna an kai kaya. Na fita ƙofa, babu komai. Na tambayi maƙwabta, babu. A ofishin gidan waya ma'aikaciyar ta duba ta ce lambar ta wani ɗan ƙaramin ambulan ce da aka kai wani gida daban a unguwarmu. Ashe tsohuwar dabara ce: ya aika takardar banza zuwa adireshin da ke da lambar yanki ɗaya da taka, shafin ya nuna an kai garinku, shi ke nan ya sami hujja.

Da na tayar da jijiyar wuya na ce zan tona shi a zaure, sai ga kwali ya iso. Na so a ce bai zo ba. Tocilar tana da tambarin SureFire, amma rubutun ya karkace, kuma ba ta da nauyi a hannu. Irin kwaikwayon da ake yi wa bindigogin wasa masu harba ƙwallon roba ce. Ba ma mai mariƙi ba ce, 'yar tocila ce da maƙali. Na sa mata batiran CR123A sababbi, ta kama, na ce bari dai in gwada. A filin harbi ko kwalin harsashi ɗaya ban gama ba ta fara ƙyafta, sai ta mutu. Lamba 12 tana da bugu, tocilar da ba a ƙera ta don wannan girgiza ba ba ta jurewa, shi ya sa na asalin ke da tsada. Ka yi tunanin a ce ƙarfe uku na dare ta yi mini haka. Igiyar kuwa tamkar hannun jakar makarantar yara, ƙugiyarta roba, na ja da ƙarfi ta ɓalle. Maƙalin harsashin na Remington 870 ne, ramukan ƙusoshinsa ba su dace da tawa ba. Bututun dala 85 bai zo ba har yau.

Na kira, waya a kashe. Na rubuta, alama ɗaya. Ya fita daga zauren. Shugaban zauren ya ce shi ma bai san shi ba, wani ne ya sa shi, wanin kuma ya ce a masallaci suka taɓa gaisawa ranar Idi. Banki suka ce ni na tura da hannuna, ba kutse aka yi mini ba, don haka babu abin da za su iya. Na shigar da ƙorafi a IC3, sashen FBI mai karɓar ƙorafin damfarar intanet, da kuma FTC, hukumar kare masu saye, na ba su lambar da sunan da ke kan asusun, wanda ba shi ne sunan da ya faɗa mini ba. Dama ya ce mini na matarsa ne. Wa ke cikinmu bai taɓa karɓar kuɗi ta asusun iyalinsa ba? Uwargida ta ce da ita ce da ta gane tun daga maganar Oklahoma. Ba ta ji muryarsa ba ne. Wani a zauren har da dariya, wai "Alhaji an yi maka sakiyar da ba ruwa". Bayan nan mutum biyu suka biyo ni ta gefe suka ce su ma ya taɓa su, ɗaya da na'urar saiti, ɗaya da akwatin ajiye bindiga, suka yi shiru don kunya. Da sun yi magana da dala 505 ɗina na aljihuna.

Ku dai kada ku tura wa baƙo kuɗi ta Zelle, ba ta da kariyar mai saye. In PayPal ne ku zaɓi na kaya da ayyuka, ba na 'yan uwa da abokai ba. Tocila ku saye ta a shago ko wurin dillalin da kamfanin ya amince da shi, ku gwada ta da harbi kafin ku dogara da ita.

Hotunan hirar, rasit biyu na 420 da 85, hoton dardumar da saƙon muryar duk suna wurina. Da na tashi daga aiki zan rufe lambobin asusuna in sa su a ƙasan wannan rubutu. Wanda ya gane muryar ya neme ni ta akwatin saƙo.