'Ya'yan tarwada zaɓaɓɓu: abin da na gani bayan wata biyar

Shekara uku ke nan ina kiwon tarwada a tankunan siminti biyu a bayan gidana, nan Garwa. Da, wajen masunta nake sayen 'ya'ya, na Binuwai ko waɗanda ake kawowa daga Lagdo, a juye mini a bokiti, babba da ƙarami a cakuɗe. Duk mai kiwo ya san ƙarshen wannan ciniki. Sati biyu sai ka ga 'yan ƙalilan sun zama ƙatti, sauran kuma suna raguwa, ga shi babu gawa a kan ruwa. Na taɓa ciro wani da wutsiyar ɗan'uwansa a baki.

Da damina ta ɗauke sai na ce bari in gwada na gidan ƙyanƙyasa, waɗanda ake kira zaɓaɓɓen iri. Kuɗinsu ya kusa ninka na bakin kogi. Yaron da ke kula da wurin ya ga ina jan ƙafa, ya ce, "Baba, ku zo ku ga iyayen tukuna." Wannan ne ya sa na buɗe aljihu. Ya ce daga kowace ƙyanƙyasa suna ware masu saurin girma da suka tsallake makonnin farko lafiya, amma ba sa ɗaukar ƙattin nan na gaba-gaba, don da naman 'yan'uwansu suka yi jiki. Namiji kuma daga wani gida ake kawo shi. Da yake sai an farke namijin tarwada ake samun maniyyinsa, kullum ana neman sabo, mai son sauƙi kuwa sai ya ɗauko daga cikin 'yan uwa ɗaya da macen. Daga nan ake samun masu karkataccen baya da waɗanda ba sa girma.

Har labarin kawa ya ba ni, ta teku, ba irin tamu ta kogi ba. A 2008 wata ƙwayar cuta ta yi wa ƙananan kawa kisan kiyashi a gonakin Faransa, sai masu bincike na Ifremer, cibiyar nazarin teku ta Faransa, suka riƙa haɗa waɗanda suka tsira suna hayayyafa, zuriya bayan zuriya, har aka samu masu juriya. Da irin wannan zaɓe aka samar da ingantacciyar karfasar da ake kira GIFT, wadda aka fara aikinta a Filifin a 1988. Ni dai na ce masa kifina nake so ya yi nauyi.

Ɗari huɗu na ɗauka. Gaskiya kansu ɗaya. Sau biyu kacal na tankaɗe su, wato na ware manya da ƙanana, a wata na farko, inda a da kusan kowane sati sai na shiga ruwa. Idan na watsa abinci gaba ɗaya suke tasowa, tankin ya yi ta tafasa. Ranar da na kwashe, mai banda da ke saye a wurina ba ta tsaya tsince-tsince ba, abin da ba ta taɓa yi mini ba.

Inda na ji haushi biyu ne. A jarka bisa babur aka kawo mini su da tsakar rana, goma sha biyu suka mutu kafin magariba, na kira waya ba a ɗauka ba sai washegari. Sannan an ce mini wata huɗu za su isa sayarwa, ba wanda ya ambaci hunturu. Disamba na shiga ruwa ya yi sanyi, suka rage ci, abinci na nutsewa yana ruɓewa, na koma canjin ruwa kamar mai wanki. Sai da suka haura wata biyar.

Zan sake saye, amma sai Maris idan zafi ya dawo, kuma da kaina zan je da asuba da jarkata.